Tarukan Kamfanonin Manhaja da Zancen AI: Tambayoyin da 'Yan Kasuwar Gombe Ke Yi Mini

Sana'ata ita ce girka wa mutane manhajar lissafi da ta kula da kaya a nan Gombe: kantuna, kemis, makarantun kuɗi, da wasu dillalan hatsi da suka gaji da neman littafin bashi duk ranar da yaron shago bai zo ba. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, da wuya in zauna a majalisa ba a jefo mini tambaya kan ƙirƙirarriyar basira ba, wadda aka fi sani da AI. Ina kuma da wata ɗabi'a da mutanen gidana ba sa so. Duk lokacin da manyan kamfanonin manhaja suka yi taronsu na shekara, sai in sayi data in zauna kallo ta intanet. Suna buɗe taro da safe a San Francisco, mu nan ana shirin kiran magariba, don haka abin yakan kai ni tsakar dare. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da abin da na tsinta.

Waɗanne taruka ne waɗannan?

Kowane babban kamfanin da ke sayar da manhajar kasuwanci yana da ranar cin kasuwarsa sau ɗaya a shekara. Salesforce na yin Dreamforce a San Francisco. SAP na Jamus na yin Sapphire a Orlando. Oracle da sashen Amazon mai suna AWS duk a Las Vegas suke tara jama'a. Na AWS sunansa re:Invent. Na Oracle da CloudWorld ake ce masa, sai a 2025 aka mayar da shi AI World, kuma wannan canjin suna kaɗai ya isa ya gaya maka inda aka sa gaba. Microsoft na da Ignite, a da kuma ya daɗe yana yin taro na musamman domin abokan hulɗarsa, wato masu sayar da manhajarsa da girka ta, wanda aka sa wa suna Inspire a 2017, aka yi na ƙarshe a 2023.

Akwai kuma waɗanda suka fi kusa da aljihunmu. Odoo, kamfanin Beljiyam, na tara mutanensa a Brussels kowace shekara, kuma a nan yake fitar da sabon zubin manhajarsa. Zoho na Indiya yana yawo da taronsa mai suna Zoholics gari-gari, har Legas yana zuwa. Ni waɗannan biyun na fi sa wa ido, domin su ne mai kanti a Jekadafari zai iya biya ba tare da ya sayar da fili ba.

Malam, me ya haɗa mai shago a Gombe da abin da ake faɗa a Las Vegas?

Farashi ya haɗa ku. Abin da aka sanar a can, bayan wasu watanni zai iso cikin manhajar da kake amfani da ita, ko ka nema ko ba ka nema ba, kuma sau da yawa da ƙarin kuɗi yake tafe. Bankinka, kamfanin da kake sarar kaya a wurinsa, asibitin da kake zuwa, da yawansu a kan manhajojin waɗannan kamfanoni suke aiki. In suka canza yadda suke karɓar oda ko fitar da takardar kuɗi, kai ma dole ka canza.

Me suke ta nanatawa game da AI?

Zancen ya zo hawa biyu. A 2023 kowa mataimaki yake tallatawa: wata kafa a gefen allo inda za ka rubuta tambaya da maganar yau da kullum, ta ba ka amsa. Microsoft ya kira nasa Copilot, SAP ya fito da Joule a watan Satumban shekarar, Amazon ya kawo Q a watan Nuwamba. Zoho dama yana da Zia tun kafin wannan guguwa. Aikin mataimaki shi ne ya taƙaita maka doguwar wasiƙa, ya tsara maka amsa, ya nemo maka lissafin da ka tambaya. Kai ne mai yanke hukunci, kai ne mai danna maɓalli.

Daga ƙarshen 2024 sai murya ta canza. A Dreamforce na watan Satumban 2024, shugaban Salesforce, Marc Benioff, ya gabatar da Agentforce, sauran kuma suka bi sahu. Abin da ake talla yanzu ni ɗan aike nake kiransa. Bambancinsa da mataimaki shi ne ana ba shi aiki ya je ya yi da kansa: ya ga sukari ya kusa ƙarewa a sito, ya duba wanda aka saba saya a wurinsa, ya rubuta takardar oda, ya tura, ko ya ajiye maka ka sa hannu. Ya ga kwastoma ya wuce ranar biya, ya aika masa saƙon tuni. Duk wanda ya taɓa aiken yaro kasuwa da kuɗi a hannu ya san inda daɗin abin yake, ya kuma san inda fargabar take.

Abin da suke nunawa a kan dandamali, haka yake a zahiri?

Yana aiki, amma a shagon da suka ƙirƙira domin nuni. A wannan shagon kowane kaya sunansa ɗaya, kowane kwastoma lambarsa ɗaya, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukar katan biyu na taliya ya ce "rubuta, zan aiko." Shagonmu ba haka yake ba.

Bari in ba ka misali daga aikina. Na taɓa karɓar lissafin wani babban kanti domin in zuba shi a sabuwar manhaja. Man gyaɗa iri ɗaya, jarka iri ɗaya, na same shi da suna huɗu, saboda yara huɗu ne suka yi zamani a kan kwamfutar, kowa da yadda yake gajarta rubutu. A shafin bashi kuma akwai "Alhaji na Kumo" har sau uku, kuma da muka bincika mutum uku ne daban, ɗaya ma ya rasu. To, ka ɗora ɗan aike a kan wannan. Zai ga man gyaɗa ya ƙare a suna na farko, ya yi odar sabo, alhali jarkoki na jibge a sito ƙarƙashin suna na uku. Zai aika wa wani Alhajin saƙon bashin da ba shi ya ci ba. Kuma zai yi duk wannan cikin daƙiƙa biyar, da kyakkyawan Turanci.

A wajen masu hatsi abin ya fi haka wuya. Ka shiga Tudun Hatsi ka tambayi mudu nawa ne a buhu, amsar ta danganta da irin hatsin, da irin buhun, da wanda ya cika shi. Manhaja kuwa lamba ɗaya take so. Sai an zauna da maigida an yanke: a lissafinmu buhun masara kaza ne, na wake kaza ne, ragowar da ke zubewa wajen awo kuma ga inda za a rubuta ta. Babu na'urar da za ta yanke maka wannan hukunci.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne su ma kamfanonin sun yarda da haka. In aka gama jawabin buɗe taro mai fitilu da kiɗa, ka shiga ƙananan zaurukan da injiniyoyi ke magana, kusan kowa abu ɗaya yake faɗa: gyara bayananka tukuna. Wannan shi ne babban abin da na ɗauko daga duk kallon da na yi. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Nawa ne kuɗin abin?

A taron Inspire na watan Yulin 2023 Microsoft ya sanar da farashin Copilot na ofis: dala 30 ga kowane ma'aikaci a kowane wata, kuma wannan ƙari ne a kan kuɗin lasisin da kake biya dama. Da farko ma sai kamfanin da zai sayi lasisin ma'aikata 300 ake sayar wa, sai a Janairun 2024 aka cire wannan sharaɗi. Salesforce ya fara da dala 2 kan kowace tattaunawa da ɗan aikensa ya yi da kwastoma, daga baya ya ƙara tsarin biya gwargwadon aikin da aka yi.

Yanzu mu mayar da shi kuɗinmu. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala a hukumance tana wajen naira 460. A 2024 ta haura 1,500. A kan wannan lissafi, dala 30 ta zama naira 45,000 a wata ga mutum ɗaya, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Mai kanti da ke da ma'aikata shida zai yi wannan lissafin a ka, ya yi murmushi, ya ce a kawo shayi.

Shi ya sa zancen biya da naira yake da nauyi a wurinmu fiye da kowace sabuwar fasaha. Zoho na sa farashinsa da naira, AWS ma ya fara karɓar naira a farkon 2025. Akwai kuma manhajojin da ake iya girkawa ba tare da kuɗin lasisi ba, irin su ERPNext da zubin Odoo na kyauta, sai dai ka biya wanda zai girka ya kula maka da su. Tsarin biya gwargwadon aiki kuwa ina jin tsoronsa ga ƙaramin ɗan kasuwa, domin kamar mita ce da ba ka ganin fuskarta sai ƙarshen wata. In za ka shiga, ka sa a ɗaure maka iyakar da ba za a wuce ba.

Wane ne wannan "abokin hulɗa" da ake ta ambata?

Ka ɗauki siminti. Masana'antar da ke Ashaka ba ta bin gida-gida tana sayar da buhu ɗaya-ɗaya. Akwai dila, akwai direban tirela, akwai magini da ya san yawan yashin da zai haɗa. Haka manhaja take. Kamfanin da ya ƙera ta yana can Amurka ko Jamus ko Indiya, bai san hanyar Dukku ba. Abokin hulɗa shi ne kamfani ko mutumin da ke tsakaninsa da kai. Wani lasisi kawai yake sayarwa ya karɓi la'adarsa. Wani shi ke girkawa, ya kwashe tsohon lissafi ya zuba, ya koya wa ma'aikata. Wani kuma ƙera ƙarin abu yake yi a kan uwar manhajar, misali sashen da ya san harajinmu ko tsarin kuɗin makaranta na zango uku. Microsoft kaɗai yana da irin waɗannan sama da 400,000 a duniya, kuma mafi yawan cinikinsa da kamfanoni ta hannunsu yake bi.

In AI zai yi komai da kansa, me za a yi da ɗan tsakiya?

Wannan tambayar ni ta fi shafa, don tuwona ne a ciki, saboda haka ka saurare ni da wannan a ranka.

Abin da na gani shi ne kamfanonin sun ƙara riƙe abokan hulɗa, amma sun canza abin da suke saka musu a kai. A watan Oktoban 2022 Microsoft ya soke tsofaffin lambobin zinariya da azurfa da abokan hulɗa ke liƙawa a ƙofar ofis, ya kawo tsarin maki: sai ka samu 70 cikin 100, kuma ana duba sababbin kwastomomin da ka kawo, da takardun ƙwarewar ma'aikatanka, da ko waɗanda ka sayar wa suna amfani da abin da gaske. A 2023 ya sake wa shirin suna ya sa AI a ciki. Odoo ma yana da matakai uku, kuma hawa daga ɗaya zuwa na gaba ya danganta da yawan masu amfani da ka kawo, da jarrabawar da mutanenka suka ci, da yadda kwastomominka ke ci gaba da zama.

Ma'anar wannan ita ce zamanin sayar da lasisi ka juya baya ya wuce. La'adar lasisi kaɗai ba ta riƙe gida. Abin da ake biya yanzu shi ne aikin da ba ya fitowa a hoto: share sunayen kaya, daidaita awo, tsara wa zai ga me. Na ƙarshen nan mutane ba sa ɗaukarsa da muhimmanci. Mataimaki irin Copilot yana iya karanta duk takardar da mai amfani da shi ke da izinin buɗewa. In takardar albashi ta daɗe a buɗe ga kowa, amma ba wanda ya san inda take, da can asiri a rufe yake. Yanzu sabon ma'aikaci zai tambaya cikin wasa, na'ura ta zaro masa albashin manaja. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma toshe tsagar aikin mutum ne da ya shigo ofishin ya san ma'aikatan.

Sai koyarwa. Akawun da ya yi shekara 20 da biro ba jawabin Las Vegas zai sa ya amince da kwamfuta ba. Sai wanda zai zauna kusa da shi ya ce, "Baba, sake dannawa, ba za ta lalace ba," har sau goma ba tare da ya ɗaga murya ba.

Gaskiya ne manyan kamfanonin da ke gaba da juna yanzu suna haɗa kai?

Gaskiya ne, kuma ba don Allah suke yi ba. Oracle da Microsoft sun daɗe suna takara, amma a watan Satumban 2023 suka sanar cewa rumbun bayanan Oracle zai zauna a cikin cibiyoyin Microsoft. Bayan shekara guda Oracle ya ƙulla irin wannan da AWS. A Sapphire na 2024 SAP da Microsoft suka ce Joule da Copilot za su riƙa magana da juna. Dalili a fili yake: babu babban kwastoman da ke amfani da manhajar kamfani ɗaya kacal, kuma ɗan aiken da bai iya shiga gidan maƙwabci ba aikinsa rabi ne.

Daga nan aka shiga neman yare ɗaya da na'urorin za su ji. Kamfanin AI na Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida mai suna MCP a watan Nuwamban 2024, wadda ke tsara yadda AI zai haɗu da wasu manhajoji ya ɗauko bayani. Google ya kawo A2A a watan Afrilun 2025 domin 'yan aiken kamfanoni daban-daban su riƙa miƙa wa juna aiki. Amfanin wannan gare mu shi ne yaron da ya iya rubuta manhaja a Tumfure zai iya haɗa abin da ya ƙera da na manyan ba tare da ya nemi alfarmar kowa ba.

Na gama karatun kwamfuta a Jami'ar Jihar Gombe. Ta ina zan shiga wannan harka?

Ƙanena, zaɓi manhaja ɗaya ka san ta ciki da bai, kada ka yi ta tsalle. Girka ta a kwamfutarka, ka nemi shagon wani ɗan uwa ka zuba lissafinsa na gaske na wata uku. Koyi lissafin kuɗi, ko da na matakin farko ne, domin yawancin masu digirin kwamfuta a nan suke faɗuwa: sun iya rubuta manhaja, amma ba su san me ya sa kowace shigarwa take da ɓangare biyu ba. Kamfanonin na da darussa kyauta a intanet, jarrabawar ce ake biya. Shirin 3MTT na koya wa matasa fasaha da ma'aikatar sadarwa ta fara a 2023 ƙarƙashin Bosun Tijani ma ƙofa ce, in ka samu gurbi.

Sai ka zaɓi sana'a ɗaya ka zama nata. Wanda ya san yadda kemis ke bin ranar lalacewar magani, ko yadda injin casar shinkafa ke lissafin shanshera da tsaba da dusa, ya fi wanda ya ce komai yana yi.

Gargaɗi ɗaya. Karanta yarjejeniya kafin ka fara sayar da lasisi. A tsarin da Microsoft ya kawo a 2022, in aka ɗauki lasisin shekara, kwana 7 kawai ake da su na fasawa, biyan wata-wata ba tare da ɗaurin shekara ba kuma ya fi tsada da kashi 20 cikin 100. In kwastomanka ya daina biya a wata na huɗu, sauran watannin na iya zama a wuyanka. A garin da ake kasuwanci da "ai mun saba," wannan rami ne. Karɓi kuɗinka a gaba, ko ka rubuta takarda da shaidu.

Akanta da akawu za su rasa aiki?

Wani sashe na aikinsu zai tafi, babu amfanin ɓoyewa. Daidaita takardar banki da littafin shago, kwafe lambobi daga rasit, rubuta wasiƙar tunin bashi, duk na'ura ta fara yin su da sauri. Wanda wannan kaɗai ya iya, ya fara koyon wani abu tun yau. Amma wanda zai kalli sakamako ya ce wannan ribar ba ta yi kama da ta watan azumi ba, a sake dubawa, shi kam yanzu ma aka fara nemansa.

In na'ura ta yi kuskure, wa zai ɗauki alhaki?

Kai. A watan Fabrairun 2024 wata ƙaramar kotu a Kanada ta yanke hukunci kan kamfanin jirgin sama na Air Canada, bayan na'urar amsa tambayoyi da ke shafinsa ta gaya wa wani fasinja bayanin rangwame da ba daidai ba. Kamfanin ya nemi ya nesanta kansa da abin da na'urar ta faɗa, kotu ta ce a'a, ya biya. In ɗan aikenka ya yi wa kwastoma alƙawarin ragi, da sunanka ya yi.

A gida kuma akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, da hukumar NDPC da ke kula da ita. In bayanan mutane suka fita daga hannunka ta yadda zai iya cutar da su, awa 72 kake da su ka sanar da hukumar, kuma tarar na iya kaiwa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarka na shekara. Masu makaranta da asibiti su fi kowa lura. Kwafe sunayen ɗalibai da lambobin iyayensu ka manna a wata manhajar AI ta kyauta domin ta tsara maka, wannan fitar da bayanai ne, ko da niyyarka mai kyau ce.

Mu 'yan tsakiya kuma mun san namu rabon. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ranar da abu ya tsaya, ba wanda zai kira San Francisco, wayata ce za ta yi ƙara ana tsakiyar cin abincin dare.

Yana jin Hausa?

Yana ji, daidai gwargwado, musamman a rubuce. Da murya kuwa, a cikin hayaniyar kasuwa, da Hausarmu ta Gombe da ake sirkawa da Fulatanci da Turanci a jimla ɗaya, yana tuntuɓe. A manyan tarukan nan da wuya ka ji an ambaci harsunanmu. Motsin da ake gani daga gida yake: a watan Satumban 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, wani AI wanda aka horar da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin Nijeriya. Tangale da Tera da Waja kuwa tafiyarsu da sauran nisa. Shawarata ita ce sunayen kaya a cikin manhaja ku rubuta su yadda yaran shago ke kiransu, amma kowane kaya ya samu lamba, domin lamba ba ta da karin harshe.

Wuta da intanet fa?

Wannan ita ce tambayar da ba a yi a Orlando. Duk 'yan aiken nan a cibiyoyin kwamfuta na nesa suke zaune. Manyan cibiyoyin Microsoft da AWS da Google na wannan nahiya a Afirka ta Kudu suke: na Microsoft tun 2019, na AWS a Cape Town tun 2020, na Google a Johannesburg tun 2024. In layi ya yanke, ɗan aike ya yi barci. Duk wanda ke Gombe a 2024 bai manta da makonnin da aka yi cikin duhu ba bayan an lalata turakun babban layin wuta da ke zuwa daga Jos. Saboda haka kafin ka yi zancen AI, ka yi zancen sola da batir, ka samu layin waya biyu na kamfanoni daban, ko Starlink in da hali, tunda ya shigo Nijeriya a 2023. Sannan ka tabbata manhajar da ke kan kantar shagonka tana iya ci gaba da fitar da rasit ba intanet, ta tura lissafin daga baya. Ka gwada wannan da idonka ranar da ake girkawa: zare wayar, sayar da biskit ɗaya, ka gani.

Na ji ana maganar takardar kuɗi ta intanet daga hukumar haraji. Tana da alaƙa da wannan?

Sosai, kuma a ganina ita za ta tura mutane ga manhaja fiye da duk tallan AI. A 2025 hukumar FIRS, wadda ta koma NRS daga Janairun 2026, ta fara tsarin da za a riƙa tura takardun ciniki zuwa gare ta kai tsaye daga manhajar kamfani. An fara da manya masu cinikin naira biliyan 5 zuwa sama a shekara. Ana haɗawa ne ta hannun kamfanonin fasaha da hukumar ta tantance, wato nan ma abokin hulɗa ya sake fitowa. Kai da kake dila a Bajoga ko Kaltungo wataƙila ba a iso kanka ba, amma wanda kake sarar kaya a wurinsa an iso kansa, kuma zai fara neman lambar harajinka da sunan kasuwancinka daidai yadda yake a rajista.

Akwai irin waɗannan taruka kusa da mu? Sun cancanci kuɗin mota?

Akwai. GITEX Africa ya fara a Marrakech ta Maroko a 2023, a watan Satumban 2025 kuma aka yi GITEX Nigeria a Abuja da Legas. NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, wadda Kashifu Inuwa Abdullahi ke shugabanta, wadda kuma ɗan garin nan Isa Ali Pantami ya riƙe daga 2016 zuwa 2019 kafin ya zama minista, tana yin taron Digital Nigeria a Abuja. Jawaban duk za ka same su a YouTube kyauta, don haka kada ka hau motar Abuja domin jawabi. In za ka je, ka je da matsala guda a rubuce, ka zagaya rumfuna kana tambayar wa ya taɓa warware irinta, ka dawo da lambar injiniya maimakon ta mai talla. Mai shago kuwa ba ya buƙatar zuwa. Ya tura wanda ke kula masa da manhaja, ya ce in ya dawo ya yi masa bayani cikin minti goma.

Wani ya zo mini da tallan manhaja mai AI. Me zan tambaye shi?

Hajiya mai kemis ce ta yi mini wannan tambayar kwanan baya, kuma abin da na gaya mata ke nan. Ki ce ya nuna miki shago biyu a cikin Gombe ko Bauchi da ke amfani da ita fiye da shekara, ki je ki tambaye su ba tare da shi ba. Ki ba shi lissafinki na gaske na wata ɗaya ya gwada a gabanki, da duk kurakuran da ke ciki, kada ki yarda da shagon gwajinsa. Ki tambaye shi da wane kuɗi ake biya, in dala ta tashi wa zai ɗauki bambancin, kuma in kin fasa gobe ta yaya za ki kwashe bayananki ki tafi da su. Ki tambaye shi wane abu na'urar za ta iya yi ba tare da wani ya sa hannu ba, ki ce a kashe wannan na wata ukun farko. Sannan ki tambaye shi wa zai ɗaga waya ranar Asabar da yamma.

Ta saurara, ta ce to AI ɗin fa, yaushe za a kunna? Na ce ranki ya daɗe, mu fara ƙirga kaya. Muka rufe kemis ɗin ranar Lahadi, mu huɗu, muka sauke kowace kwali daga kan kanta. Mun sami maganin tari katan biyu da babu shi a kowane littafi, da wani maganin zazzaɓi da littafi ya ce akwai 60 amma 14 muka ƙirga. Yau sati na uku ke nan muna kan gyaran sunaye, mun kai harafin M.